Za Ka Danna ko Ba Za Ka Danna Ba? Makamin Nukiliya a Gaban Masu Zaɓen Birtaniya

Daren Juma'a ne, 2 ga Yunin 2017, saura kwana shida 'yan Birtaniya su fita jefa ƙuri'a. Tashar BBC ta tara jama'a a wani zaure na Jami'ar York da ke arewacin Ingila, ta ce musu ga shugabannin manyan jam'iyyu biyu nan, kowa ya tambayi abin da ke ransa. Firaminista Theresa May ta riga ta ƙi yarda a haɗa ta muhawara gaba da gaba da abokin hamayyarta, don haka sai aka shigo da su ɗaya bayan ɗaya. Ita ta fara. Wata ma'aikaciyar jinya ta koka mata cewa albashinta ya yi shekaru bai motsa ba, May ta ce mata ai babu wata bishiyar tsafi da ake girgizawa kuɗi su zubo. Wannan amsa ta bi ta har ranar zaɓe.

Da Jeremy Corbyn, jagoran jam'iyyar Leba, ya hau dandamali, da farko abubuwa sun tafi masa daidai. Can sai wani mutum ya tambaye shi abin da zai yi idan ƙasar ta fuskanci barazanar harin nukiliya. Corbyn ya ce zai yi iya bakin ƙoƙarinsa a kashe wutar rikici ta hanyar tattaunawa tun ba a kai ga haka ba, kuma shi ba zai zama wanda zai fara harba wannan makami ba. Mai gabatar da shirin, David Dimbleby, ya matsa masa: to idan an riga an harbo fa, zai rama? Corbyn ya sake komawa ga batun tattaunawa da rage makamai. Nan zauren ya ɗau zafi. Maza da dama, akasarinsu masu shekaru, suka yi masa caa. Ɗaya ya ce shin sai Koriya ta Arewa ko wani sakarai a Iran ya yi musu ruwan bama-bamai sannan za a ce a zo a zauna a tattauna? Corbyn bai ce zai danna ba, bai kuma fito fili ya ce ba zai danna ba. Daga bisani wata matashiya da aka bai wa dama, wadda tambayarta ma kan wani batu ne daban, ta ce ita ta kasa gane dalilin da ya sa mutanen zauren suke ɗokin a hallaka miliyoyin mutane. Zauren ya ɓarke da tafi.

Washegari kowane ɓangare ya yanki guntun bidiyon da ya yi masa daɗi yana yaɗawa. 'Yan Conservative, jam'iyyar May, suka ce ga mutumin da ba zai iya kare ƙasa ba. Magoya bayan Corbyn suka yaɗa maganar matashiyar. Amma wanda ya kalli shirin da natsuwa zai lura da wani abu: a duk wannan cacar baki babu wanda ya tambayi nawa makamin yake ci, ko yana aiki, ko wa aka nufa da shi. Halin mutum ake aunawa, makamin kuwa mizani ne kawai.

Abin da ake magana a kai

Birtaniya ba ta da makamin nukiliyar da ake harbawa daga tudu, kuma tun 1998 ta janye bama-baman da jiragen sama ke ɗauka. Duk ƙarfinta yana cikin jiragen ruwa masu nutso guda huɗu: Vanguard da Victorious da Vigilant da Vengeance. Masaukinsu Faslane ne a yammacin Sikotland, kimanin kilomita 40 daga birnin Glasgow, ana kuma ajiye kawunan bama-baman a Coulport da ke kusa. Tun Afrilun 1969 ba a taɓa wayar gari ba tare da jirgi ɗaya yana ɓoye a ƙarƙashin teku ɗauke da makami ba. A da sintirin kan ɗauki kimanin wata uku. Yanzu da jiragen suka tsufa, akwai ma'aikatan da suka haura wata shida ba su ga rana ba.

Makamai masu linzamin da ake kira Trident, waɗanda sunansu ya rufe tsarin baki ɗaya, ƙirar Amurka ne. Daga rumbu ɗaya ƙasashen biyu ke ɗauka, a Kings Bay da ke jihar Jojiya, can kuma ake yi musu gyara. Kawunan bama-baman ne ake haɗawa a Ingila, a Aldermaston da Burghfield. Kowane kai ɗaya ya ninka bam ɗin da aka jefa wa Hiroshima ƙarfi sau da yawa, shi kuwa na Hiroshima ya kashe mutum kusan 140,000 kafin ƙarshen 1945.

Maɓallin da ake ta faɗa kuwa babu shi a teburin firaminista. Umarni ne ake aikawa a ɓoye ta hedikwatar soja da ke Northwood, jami'an jirgin su tantance shi, sannan wani hafsa ya ja kunama mai kama da ta ƙaramar bindiga. Akwai kuma wani abin da ya fi wannan nauyi. Duk sabon firaminista, a kwanakinsa na farko, yakan zauna ya rubuta wasiƙu huɗu da hannunsa, a kai kowace cikin akwatin ƙarfe a kowane jirgi. Wasiƙar tana gaya wa kyaftin abin da zai yi idan an shafe gwamnati, babu sauran mai ba da umarni: ya rama, ko kada ya rama, ko ya miƙa kansa ƙarƙashin wata ƙasa ƙawa, ko ya yi abin da ya ga ya dace. Idan firaministan ya sauka, a lalata wasiƙun ba tare da an buɗe ba. Wato amsar gaskiya ta tambayar da aka yi wa Corbyn a York, a tsarin ƙasar, sirri ce da ba a son kowa ya sani.

Dabarar da aka gina tsarin a kai ita ce razanarwa. Ba a ajiye makamin don a harba ba, an ajiye shi ne don abokin gaba ya san ko ya rusa Landan akwai jirgi a teku da zai rusa masa nasa birnin. Idan har aka kai ga harbawa, to dabarar ta riga ta faɗi. A nan ne masu sukar Corbyn suke da hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Maigadin da ya rataya bindiga amma ya yi shela a unguwa cewa ko za a yanka shi ba zai harba ba, ɓarawo ba zai ji tsoron bindigarsa ba, maigida kuma ya yi asarar kuɗin sayenta.

Tsohon miki a jikin Leba

Wanda bai san tarihin jam'iyyar Leba ba zai ɗauka Corbyn ne ya kawo wannan rigima. Rigimar ta girme shi a siyasa. Gwamnatin Leba ta Clement Attlee ce ta yanke shawara a asirce a Janairun 1947 cewa Birtaniya za ta ƙera nata bam, aka kuma gwada shi a tsibiran Monte Bello na Ostiraliya a Oktoban 1952. A cikin wannan jam'iyya kuma masu adawa da bam suka fi samun gindin zama. A taron jam'iyyar na 1957, Aneurin Bevan, gwarzon masu ra'ayin sauyi kuma uban tsarin kiwon lafiya na kyauta, ya juya wa magoya bayansa baya, ya ce ba za a tura ministan harkokin waje teburin shawara tsirara, wato ba tare da bam ba. A 1958 aka kafa ƙungiyar CND mai fafutukar kwance ɗamarar nukiliya, wadda Corbyn ya shiga tun yana matashi ɗan makaranta, har ya kai mataimakin shugabanta. Jagoran Leba Harold Wilson ya yi yaƙin neman zaɓen 1964 yana kushe makamin Polaris, wanda ya gabaci Trident. Da ya hau mulki sai ya riƙe shi.

Zaɓen 1983 ne ya bar tabo mafi girma. Michael Foot, jagoran Leba a lokacin, ya shiga zaɓen da alkawarin Birtaniya za ta ajiye makamanta ita kaɗai, ko wasu sun bi ko ba su bi ba. Ana tsakiyar kamfe tsohon firaminista James Callaghan, ɗan jam'iyyarsa, ya fito ya soki wannan manufa. Leba ta tashi da kujeru 209, Margaret Thatcher ta kwashe 397. Gaskiya ba bam kaɗai ya kayar da Foot ba: akwai nasarar yaƙin Falkland na 1982 da ta ɗaga Thatcher, akwai kuma ɓarakar da ta haifi jam'iyyar SDP. Amma darasin da manyan Leba suka ɗauka ɗaya ne: kada a sake bari a ce jam'iyyar ba ta da ƙashin bayan tsaro. A 1987 'yan Conservative suka liƙa hoton soja ya ɗaga hannuwa sama alamar miƙa wuya, suka ce wannan ita ce manufar Leba kan makamai. Neil Kinnock, magajin Foot, wanda shi ma tsohon ɗan CND ne, ya sa jam'iyyar ta yi watsi da manufar a 1989.

Tun daga nan makamin ya zama sanda a hannun 'yan Conservative, ko da abokin hamayya bai ce zai taɓa shi ba. A zaɓen 2015 Ed Miliband, jagoran Leba a lokacin, yana goyon bayan Trident, amma duk da haka ministan tsaro Michael Fallon ya ce mutumin da ya ci amanar ɗan'uwansa don ya samu shugabancin jam'iyya zai iya cin amanar ƙasa ya sayar da makamin ga 'yan kishin Sikotland don ya samu mulki. Dubi yadda aka ɗaure batun makami da batun hali a jimla ɗaya.

Corbyn ya ci shugabancin Leba a Satumban 2015, kuma kafin watan ya ƙare aka tambaye shi a rediyon BBC ko zai yi amfani da makamin idan ya zama firaminista. Ya ce a'a, kai tsaye. Mai magana da yawun jam'iyyarsa kan tsaro, Maria Eagle, ta ce wannan furuci bai taimaka ba. A Nuwamba, babban hafsan tsaron ƙasar, Janar Nicholas Houghton, ya ce a talabijin zai damu idan irin wannan tunani ya samu mulki, abin da Corbyn ya ɗauka a matsayin tsoma bakin soja cikin siyasa.

Ranar 18 ga Yulin 2016, kwana biyar da hawan Theresa May, majalisar dokoki ta kaɗa ƙuri'a kan gina sababbin jirage huɗu da za su gaji na yanzu, a kan fam biliyan 31, da wasu biliyan 10 na ko-ta-kwana. CND ta ƙiyasta cewa idan aka haɗa da kuɗin gudanarwa na tsawon rayuwar tsarin, abin zai kai fam biliyan 205. A muhawarar, George Kerevan na SNP, jam'iyyar 'yan kishin Sikotland, ya tambayi May ko a shirye take ta ba da umarnin harin da zai kashe maza da mata da yara 100,000 da ba su ji ba ba su gani ba. Ta miƙe ta ce e, ba tare da jinkiri ba. Ƙuri'a ta tashi 472 da 117. 'Yan majalisar Leba 140 suka goyi bayan gwamnati, 47 suka ƙi, cikinsu har da shugabansu.

Haka Leba ta shiga zaɓen 2017 da baki biyu. Kundin manufofinta ya ce za a sabunta Trident, domin haka taron jam'iyya ya tsayar, kuma manyan ƙungiyoyin ƙwadago irin su GMB da Unite suna kare ayyukan membobinsu a masana'antar. Mutumin da zai rubuta wasiƙun nan huɗu kuwa duniya ta san ra'ayinsa. A ganina mutanen York sun yi daidai da suka matsa masa a kan wannan. Idan ka yarda makamin haramun ne a lamirinka, ka nemi jama'a su ba ka izinin kawar da shi. Idan jam'iyyarka ta fi ƙarfinka, ka gaya wa jama'a hakan ƙarara. Amma ka ce za a kashe biliyoyin fam a kan abin da ka riga ka zare masa haƙori, sannan a tambaye ka ka yi ta kewaye, wannan ba ya gamsar da mai son makamin, ba ya kuma gamsar da mai ƙinsa. Corbyn na 2015 da ya ce a'a ya fi Corbyn na York daraja a idona.

Sai dai akwai gefen da aka ƙyale, kuma shi ya fi damuna. Ba a taɓa titsiye May a kan nata e ɗin ba kamar yadda aka titsiye Corbyn. A Afrilun 2017, ana cikin kamfe, Fallon ya ce a yanayi mafi tsanani gwamnatinsu ba ta kawar da yiwuwar ita ta fara harbawa ba. Wannan magana ce mai girman gaske, ta wuce ba tare da wani zaure ya ɗau zafi ba. Kafin nan, a Janairu, jaridar Sunday Times ta fallasa cewa a Yunin 2016 an gwada makamin Trident daga jirgin Vengeance a gaɓar Florida, ya saki hanya, kuma ba a sanar da majalisa ba kafin ƙuri'ar Yuli. Andrew Marr na BBC ya tambayi May sau huɗu ko ta san da haka, sau huɗu tana zillewa. Wanda ya ce zai kashe mutum dubu ɗari cikin daƙiƙa ɗaya an ce jarumi ne, wanda ya yi jim an ce rago ne. Alhali waɗanda suka taɓa ɗaukar wannan nauyi da gaske ba haka suke magana ba. Callaghan, bayan ya bar mulki, ya gaya wa masanin tarihi Peter Hennessy cewa da ta kama dole da ya ba da umarnin, amma da ba zai taɓa yafe wa kansa ba. Denis Healey, wanda ya riƙe ma'aikatar tsaro daga 1964 zuwa 1970, ya ce shi da ba zai rama ba, domin a lokacin ramuwar ba ta da sauran amfani sai ƙarin gawarwaki. Babu wanda ya isa ya kira Healey rago. Ya yi yaƙin duniya na biyu a Italiya.

Abin da akwatin zaɓe ya faɗa

To, shin batun ya sauya ƙuri'u? Amsar ta danganta da inda mutum ya tsaya. Ƙuri'un jin ra'ayi sun daɗe suna nuna cewa masu son a riƙe makamin sun fi masu son a yar da shi yawa a Birtaniya. Amma idan aka tambayi mutane abin da ya fi damunsu a 2017, ficewa daga Tarayyar Turai da halin asibitoci ne ke zuwa gaba, nukiliya can baya. Ma'anar wannan ita ce mutum zai iya ƙin ra'ayin Corbyn kan Trident ya kuma zaɓi Leba saboda asibiti ko kuɗin makarantar ɗansa. Miliyoyi sun yi hakan.

Sannan tsaron da ya shiga gidajen mutane a wannan kamfe ba na ƙarƙashin teku ba ne. Ranar 22 ga Mayu ɗan ƙunar baƙin wake ya kashe mutum 22 a wurin wani wasan kiɗa a Manchester, da yawansu yara da matasa. Kwana ɗaya bayan zaman York, ranar 3 ga Yuni, wasu mahara da mota da wuƙaƙe suka kashe mutum takwas a gadar Landan da kasuwar da ke kusa da ita. Jirgi mai nutso ba shi da abin da zai yi wa mai wuƙa. Nan take muhawara ta koma kan 'yan sanda kusan 20,000 da aka rage tun 2010, shekarun da May ce ministar cikin gida a mafi yawansu. Sandar tsaro da aka ɗauko don dukan Corbyn sai ta juyo kan mai riƙe da ita.

Ranar 8 ga Yuni May ta rasa rinjayen da ta gada, ta tsira da kujeru 317, dole ta nemi tallafin jam'iyyar DUP ta Ireland ta Arewa. Leba ta tashi daga kujeru 232 zuwa 262, rabonta na ƙuri'u ya tashi daga kimanin kashi 30 cikin ɗari zuwa kashi 40. Matasa sun yi wa Corbyn ruwan ƙuri'u, dattawa sun tsaya wa May. Wannan rabuwa ita ce dai aka gani a zauren York. Wanda ya girma a zamanin yaƙin cacar baka, yana jin ana koya wa iyalai yadda za su ɓuya idan Tarayyar Sobiyet ta harbo, makamin a wurinsa inshora ne. Wanda ya yi wayo bayan rushewar katangar Berlin, yaƙin da ya sani shi ne na Iraƙi, wanda aka shiga da hujjar makaman ƙare-dangin da ba a samu ba, kuma Corbyn na cikin waɗanda suka yi adawa da shi tun farko. Kowane da abin da ya koya masa tsoro.

A wasu garuruwa kuwa batun ba na falsafa ba ne, na tukunya ne. A Barrow-in-Furness ake ƙera jiragen, dubban iyalai da wannan masana'anta suke ci. Ɗan majalisar Leba na mazaɓar, John Woodcock, ya shiga zaɓen yana faɗa a fili cewa ba zai mara wa shugaban jam'iyyarsa baya ya zama firaminista ba, kuma da ƙuri'a 209 kacal ya sha. A maƙwabciyarta Copeland, inda cibiyar nukiliya ta Sellafield take, Leba ta riga ta rasa kujerar da ta riƙe fiye da shekara 80 a zaɓen cike gurbi na Fabrairun 2017, inda aka yi ta tuna wa ma'aikata tsohuwar adawar Corbyn da makamashin nukiliya.

Sikotland kuma labarinta daban. Can makamin yake kwana, can kuma aka fi ƙinsa. A ƙuri'ar 2016 kusan dukkan 'yan majalisar da ke wakiltar Sikotland sun ƙi amincewa, har reshen Leba na yankin ya yanke shawarar adawa da sabuntawar a taronsa na 2015. Mazaɓar Argyll da Bute, wadda Faslane ke cikinta, Brendan O'Hara na SNP ta zaɓa a 2015 ta kuma sake zaɓarsa a 2017, mutumin da ke son a kwashe makamin. Ga ɗan kishin Sikotland, tambayar ba ta ko firaminista zai danna ba ce. Tambayarsa ita ce wa ya ba Landan izinin ajiye wannan abu kusa da birni mafi yawan jama'a a yankinsu.

Wata ɗaya bayan zaɓen, ranar 7 ga Yulin 2017, ƙasashe 122 suka amince da yarjejeniyar haramta makaman nukiliya a Majalisar Ɗinkin Duniya. Birtaniya da sauran masu makamin sun ƙaurace wa zaman. Najeriya na cikin waɗanda suka tsaya wa yarjejeniyar, kuma tana da dalilinta na tarihi: ita ce ta katse hulɗa da Faransa a Janairun 1961 saboda gwajin bam a hamadar Sahara. Ana wannan tattaunawa a duniya gabanin kamfen Birtaniya da bayansa, amma da ƙyar ta samu shiga cikinsa.

Bayan Corbyn

Abin da bai kayar da Corbyn a 2017 ba ya taru ya danne shi a 2019. Tsakanin zaɓukan biyu an sa wa tsohon ɗan leƙen asirin Rasha, Sergei Skripal, guba a Salisbury a Maris na 2018, kuma jan ƙafar da Corbyn ya yi wajen ɗora wa Moscow laifi ya ƙarfafa zargin da aka daɗe ana yi masa. A nan ake ganin yadda batun nukiliya ke aiki a zuciyar mai zaɓe: shi kaɗai ba ya kayar da mutum, amma yana zama ƙugiyar da ake rataya sauran shakku. Leba ta sha kaye mafi muni tun 1935, Barrow ta koma hannun Conservative. A wannan kamfe aka yi wa Jo Swinson ta jam'iyyar Liberal Democrat tambayar a talabijin, ta ce e a kalma ɗaya. Nicola Sturgeon ta SNP ta ce a'a. Swinson ta rasa kujerarta a Sikotland ga SNP da ƙuri'a 149. A 2022, lokacin takarar shugabancin Conservative, Liz Truss ta ce a shirye take, zauren ya tafa mata.

Mamayar da Rasha ta yi wa Ukraine a Fabrairun 2022 ta sauya ma'auni sosai. Masu son makamin suka samu misalin da ba a iya kawar da kai daga gare shi: ƙasar da ta miƙa makaman da ta gada daga Sobiyet bisa alkawarin Budapest na 1994, wanda Birtaniya ma ta sa wa hannu, ga abin da ya same ta. Masu adawa suna amsawa da cewa tun asali makullin waɗannan makamai yana Moscow, kuma idan darasin shi ne kowa ya nemi nasa bam, to duniya ta shiga uku. Hujjar tana da nauyi, amma a kunnen mai zaɓen da ke kallon barazanar Vladimir Putin a labaran dare, ta farkon ta fi shiga.

Keir Starmer, wanda ya gaji Corbyn a shugabancin Leba, ya karanta wannan yanayi. A Afrilun 2024 ya je Barrow da kansa, a kamfen Yuni kuma ya yi alkawura uku: za a gina sababbin jirage huɗun samfurin Dreadnought, sintiri ba zai yanke ba, za a biya duk gyaran da ake buƙata. Da aka yi masa tambayar, ya ce a shirye yake ya yi amfani da makamin. 'Yan Conservative sun tuna wa jama'a cewa mataimakiyarsa Angela Rayner da David Lammy sun kaɗa ƙuri'ar ƙin sabuntawa a 2016, amma sandar ba ta yi tasiri ba. Leba ta ci zaɓen 4 ga Yuli da gagarumin rinjaye, ta ƙwato Barrow, Corbyn kuma ya koma majalisa a matsayin ɗan takara mai zaman kansa daga mazaɓarsa ta Islington ta Arewa.

Da manyan jam'iyyun biyu suka zama baki ɗaya, sai mai zaɓe a Ingila ya rasa inda zai kai ƙorafinsa in yana da shi, kuma manyan shawarwari suka riƙa wucewa tsakanin zaɓe da zaɓe. A 2021 gwamnatin Boris Johnson ta ɗaga iyakar yawan kawunan bama-bamai zuwa 260, bayan an yi shekaru ana cewa za a rage su zuwa 180. A Janairun 2024 gwajin Trident ya sake cin tura a gaɓar Florida, ministan tsaro Grant Shapps na cikin jirgin, makamin ya faɗa teku kusa da inda aka harba shi; wata biyar bayan haka aka yi kamfe ba tare da batun gwajin ya zama abin muhawara ba. A Yunin 2025, a taron ƙungiyar tsaro ta NATO a birnin Hague, Starmer ya sanar da sayen jiragen yaƙi 12 samfurin F-35A masu iya ɗaukar bama-baman nukiliyar Amurka, wanda zai mayar da rundunar sojin saman Birtaniya ga aikin da ta bari tun 1998. Wannan shawara ba ta cikin abin da aka gabatar wa masu zaɓe a 2024.